Sautu da Tsaraba a Kasuwannin Birnin Tokiyo



Duk wanda ya taɓa shirin doguwar tafiya a ƙasashenmu ya san yadda gida yake cika a daren da zai tashi. Masu ban kwana suna shigowa, kowa da abin da ke bakinsa. Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta ce a sayo mata yadi, ƙane yana son wayar salula, maƙwabci ya ji labarin agogon Japan ba ya mutuwa, uwargida kuwa ba ta ce komai ba, amma shirunta ya fi maganar kowa nauyi. Matafiyi ya karɓi kuɗin mutane, ya rubuta sunayensu a takarda ya soke a aljihu. Daga wannan dare ya zama mai ɗauke da amana, domin tsaraba ganin dama ce, amma sautu sai an dawo an yi bayaninsa har ƙwandala.

A da, Japan suna ne da muke gani a jikin rediyo da babur da mota. Yanzu ƴaƴanmu suna zuwa can da ƙafarsu: ɗalibai masu tallafin karatu, ma'aikata masu zuwa kwasa-kwasan hukumar JICA, ƴan kasuwa, da wakilan gwamnatoci masu halartar taron TICAD, wanda aka fara a Tokiyo a 1993 domin tattauna ci gaban Afirka, aka kuma yi zama na tara a Yokohama a watan Agusta 2025. Hanyar tana da nisa, sai an sauya jirgi a Adis Ababa ko Istanbul ko wani birni makamancinsu, kuma agogon can yana gaban namu da awa 8. Mafi yawan masu zuwa ba su samun fiye da yini biyu ko uku na shiga kasuwa. Domin su da iyalansu na yi wannan rubutu.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun farko shi ne, tsoron da muka saba shiga kasuwa da shi bai da wurin zama sosai a Tokiyo. Da wuya a ninka maka farashi don an ga kai baƙo ne, da wuya a sayar maka da jabu a babban kanti, kuma idan ka manta jakarka a kan benci, sau da yawa za ka same ta a ƙaramin ofishin ƴan sanda na unguwa da suke kira koban. Asara a can ta wata ƙofa take shigowa: kaya ne na ƙwarai, a farashin gaskiya, amma an yi su ne domin gidan Bajapane, da wutarsa, da harshensa, da girman jikinsa, da abin da addininsa ya yarje masa ya ci.

Gari mai layi-layi

Tokiyo tana da mutum wajen miliyan 14, in kuwa aka haɗa da garuruwan da suka manne mata adadin ya haura miliyan 35. Baƙo zai zaci ba za a taɓa gane kanta ba. Amma wanda ya san babbar kasuwar Yamai ko Kurmi ta Kano ya riga ya san sirrin, wato kowace haja da layinta. Bambancin kawai, a nan layin unguwa ce sukutum. Kayan lantarki suna Akihabara, yadi yana Nippori, kayan girki suna Kappabashi, kayan ƙawa masu tsada suna Ginza, kayan talaka suna Ameyoko. Akwai jirgin ƙasa mai koren zane da ake kira Yamanote, wanda ke zagaya tsakiyar birnin kamar zobe, tasha 30, cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. Akihabara da Okachimachi da Ueno da Nippori duk suna jere a kansa ta ɓangaren gabas, tsakaninsu mintoci kaɗan. Wanda ya sayi katin Suica ko Pasmo ya zuba masa kuɗi ya huta da lissafin tikiti, sai dai ya ɗora katin a ƙofa ya wuce, kuma da shi zai iya sayen ruwa da burodi a ƙananan shaguna.

Kantuna ba su buɗewa da sassafe. Yawanci sai ƙarfe 10 ko 11, su rufe wajen 8 na dare. Wanda ya fito bayan sallar asuba da zummar ya riga kowa, zai sha zaman jira.

Kuɗinsu yen ne. Sefarmu, ta yamma ce ko ta tsakiyar Afirka, ba a canza ta a can, saboda haka sai a tafi da yuro ko dala. A shekarun 2024 da 2025 yen ɗaya bai yi nisa da sefa 4 ba, ya ɗan haura ko ya ɗan gaza, don haka abin da aka rubuta wa yen 1,000 ka ɗauka jika huɗu ne, kafin ka binciki canjin ranar. Darajar yen ta faɗi ƙwarai a waɗannan shekaru, har a watan Yuli 2024 dala ɗaya ta kusa kai yen 162, abin da ba a gani ba tun 1986, kuma wannan araha tana cikin dalilan da suka sa baƙi fiye da miliyan 36 suka shiga ƙasar a shekarar. A wannan wata ne kuma aka fito da sababbin takardun kuɗi na 1,000 da 5,000 da 10,000, tsofaffin ma suna ci. Ƙwandalolin 5 da 50 masu huji ne a tsakiya, irin kwabon da kakanninmu suke ba mu labari. A lura da ƙwandalar 500, domin ta kusa jika biyu, kuma baƙo yakan tara su a aljihu yana ɗaukarsu tarkacen canji. Injunan cirar kuɗi na shagunan 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katunan ƙasashen waje, amma kada a rabu da tsabar kuɗi, don ƙananan masu shaguna da yawa ita suka fi so.

Sai maganar ciniki, wadda ta fi ba mutanenmu wuya. A wurinmu sayen abu ba tare da tayi ba kamar cin tuwo ne ba miya. A can kuwa abin da aka rubuta shi ne kuɗin, kuma al'adar ta tsufa. A 1673 wani ɗan kasuwa mai suna Mitsui Takatoshi ya buɗe shagon tufafi a unguwar Nihonbashi, ya karya al'adar zamaninsa ta kai kaya gidajen manya bashi da farashi gwargwadon fuskar mai saye, ya ce shi kuɗi hannu, farashi ɗaya ga kowa, kuma zai yanka yadi ko da ɗan kaɗan mutum yake so. Wannan shago shi ne asalin babban kantin Mitsukoshi na yau. Idan ka taya kaya a irin waɗannan wurare ba za a yi maka faɗa ba, sai dai yarinyar kantin ta sunkuya tana ba da haƙuri har kunya ta kama ka. Ba a ba ma'aikaci goron hidima, zai biyo ka da canjinka. Kuɗi kuma ba a miƙa shi hannu da hannu, akwai ɗan faranti a kan teburi da ake ajiye shi.

Akihabara, inda kuɗin mutane ke ƙonewa

Mafi yawan sautu nan yake nufa. Unguwar ta fara ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masu sayar da kayan haɗa rediyo suka kafa rumfuna a gindin gadar jirgi, har yau kuma akwai ƴan lungunan da ake sayar da ƙananan sassan lantarki ɗaya-ɗaya. Kusa da tashar akwai katafaren kantin Yodobashi da aka buɗe a 2005, bene a kan bene, wanda mutum zai iya yini a ciki bai gama ba. Unguwar ta kuma cika da shagunan wasannin kwamfuta da zane-zanen majigin yara, wasu hotunan ba irin waɗanda magidanci zai so ƴaƴansa su gani ba ne, sai a san benen da ake hawa.

A nan ne na kusa yin ɓarna da kaina. Na ga tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, na tuna mahaifiyata da hayaƙin murhu, na ɗauka na nufi wurin biya. Dattijon da ke kula da sashen ya tambaye ni ƙasar da zan kai ta. Da na faɗa masa, sai ya gitta hannuwansa biyu a ƙirji, wanda a wurinsu alama ce ta a'a, ya ja ni zuwa wani ɓangare inda aka jera irin waɗanda aka yi domin ƙasashen waje. Wani abokin tafiyarmu ya sayi tasa a wani wuri inda ba wanda ya tambaye shi. Ranar da aka jona ta a gida, gaban baƙi, ta yi ƙara ɗaya ta fitar da hayaƙi, shi ke nan.

Dalilin kuwa, wutar gidajen Japan bolt 100 ce, tamu 220 zuwa 230. Duk abin da ke dafawa ko gugar kaya ko busar da gashi, in an yi shi don cikin ƙasar, wutarmu za ta ƙone shi nan take. Akwai tiransifoma mai rage ƙarfin wuta, amma wadda za ta ɗauki tukunyar shinkafa tana da nauyi da tsada har ba riba. Magani shi ne a juya kayan a karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasansa. In an ga 100V kaɗai, a ajiye. In an ga 100-240V, kamar yadda yake a yawancin cajar waya da ta kwamfuta da kyamara, ba damuwa, sai dai a nemi ɗan kan da zai sauya fulogin, domin nasu haƙora biyu ne masu faɗi, namu kuwa masu zagaye.

Ba wuta kaɗai ba ce. Kwamfutar da aka yi don kasuwar cikin gida jerin haruffanta ba irin na Faransanci da ƴaƴanmu suka koya a makaranta ba ne, kuma akwai maɓallan rubutun Japananci a kanta. Wasu kyamarori ba su da wani harshe a cikinsu sai Japananci. Wayoyin salula da ake sayarwa a can yawancinsu suna yin ƙara duk lokacin da aka ɗauki hoto, ba a iya kashe ƙarar a cikin ƙasar, kuma in ta hannu ce sai a tabbatar ba a kulle ta a kan layin kamfani ɗaya ba. Takardar garanti sau da yawa a cikin Japan kaɗai take aiki. Hatta rediyo, abokin hirar tsofaffinmu, yana da tarko: tashoshin FM na Japan daga 76 suke farawa su tsaya a 90 ko 95, namu kuwa daga 87.5 har 108, don haka akwai rediyon da zai zo gida ya kasa kamo rabin tashoshin gari. A duba lambobin da ke fuskarsa kafin a biya.

Agogo dai yana cikin abin da ba a nadamar saye. Seiko da Citizen da Casio duk ƴan gida ne. Ina ganin mai amfani da hasken rana ya fi dacewa da mu, tun da rana ba ta yi mana rowa ba, kuma an huta da neman batiri. Amma kada a ƙara kuɗi don agogon da aka ce yana saita kansa da siginar rediyo, domin tashoshin da ke aiko siginar ba su kaiwa Afirka. Zai yi aiki, sai dai kamar kowane agogo.

Rabon mata

Nippori ita ce unguwar da na fi so a ba lokaci, kuma ita ce maza suka fi tsallakewa. Daga tashar jirgi, titi ne mai tsawon kimanin kilomita ɗaya da shaguna wajen 90 na yadi da zare da maɓalli da fata da kayan ɗinki. Audugarsu tana da laushi, kuma zanen furanninsu ba irin wanda ya cika kasuwanninmu ba ne, wanda shi ne abin da mace take so a tsaraba, a tambaye ta a gidan biki ina ta samo. Da mita suke awo. Turmin atamfa yadi shida ne, wato kusan mita biyar da rabi, kuma faɗin yadin audugarsu galibi santimita 110 ne, ya ɗan gaza na atamfa, saboda haka gara a ƙara rabin mita da a bar tela yana ƙorafi. A kula da naɗaɗɗen yadin kimono: yana da kyau ƙwarai, tsawonsa ya kai mita 12, amma faɗinsa bai wuce santimita 40 ba, kamar dai yadda masaƙanmu ke saƙa ƙyalle siriri a haɗa. Wanda bai sani ba zai kawo wa gwaggo abin da ba ya ɗauruwa.

Abin da ya tsayar da ni a wani shago shi ne yadin rini. Japanawa ma suna rini da baba, suna kuma ƙulle yadi da zare kafin su tsoma shi domin zane ya fito, suna kiransa shibori. Garin Arimatsu kusa da Nagoya ya shahara da shi fiye da shekara 400. Na riƙe ƙyallen ina jin kamar a marinar Ƙofar Mata aka tsamo shi, sai farashin ya tuna mini inda nake. Na yi tunanin yadda muke raina namu.

Kappabashi tana tsakanin Ueno da Asakusa, titi ne na kusan mita 800 da shaguna fiye da 150 na tukwane da kwanuka da wuƙaƙe. Wuƙar Japan ta cancanci sunanta, domin sana'ar ta gaji maƙeran takubba. Amma akwai mai tsatsa in an bar ta da danshi, akwai marar tsatsa, kuma wasu gefe ɗaya kawai aka wasa su, don mai amfani da hannun dama. Bakinta siriri ne, an yi ta don kifi da ganye da tsoka. Wadda ta sara ƙashin rago da ita ranar layya za ta ga bakin ya ɓalle. A bar ta cikin naɗin da shagon ya yi mata, domin dokar ƙasar ta tsananta a kan yawo da wuƙa, a kuma sa ta a babban akwatin da ke shiga cikin jirgi. Shaguna da yawa a Nippori da Kappabashi ba su buɗewa ranar Lahadi.

Mai neman inda zai ji ƙamshin gida sai ya nufi Ameyoko, kasuwar da ke bin gindin gadar jirgi daga Ueno zuwa Okachimachi, shaguna wajen 400 cikin rabin kilomita. Ita ma bayan yaƙi ta tashi, lokacin da ake sayar da alewa da kayan sojan Amurka a ɓoye. A nan ana ɗaga murya ana kiran mai saye, ana tara busasshen kifi da gyaɗa da takalma da jakunkuna, kuma a nan za ka iya cewa a rage maka a saurare ka, musamman da yamma in ka sayi da yawa. Akwai masu gasa nama Musulmi a cikinta, akwai kuma masallacin As-Salam a Okachimachi, tafiyar ƴan mintoci.

A Asakusa akwai layin Nakamise, shaguna kusan 90 a hanyar shiga haikalin Sensoji na mabiya Budda. Ana samun mafici da laima da ƙyallayen naɗe kaya masu kyau. Sai dai akwai wasu ƙananan jakunkunan alharini masu igiya, omamori, da baƙo zai so ya rataya wa yaro ko mota don ado. Layu ne na wuraren bautarsu, da addu'o'insu a ciki. Ya kamata Musulmi ya san abin da yake ɗauka.

Kallo a Ginza, saye a wani wuri

Ginza sunanta daga gidan buga kuɗin azurfa ne da aka kafa a wurin a 1612, kuma har yau kuɗi ne ke magana a can. Filin da ke gaban shagon Kyukyodo ya shafe shekaru da dama yana zama mafi tsada a ƙididdigar hukumar harajin ƙasar, a 2024 murabba'in mita ɗaya ya wuce yen miliyan 40. Shagon kansa, wanda asalinsa daga Kiyoto ne tun 1663, turaren wuta da takarda da alƙaluman gashi yake sayarwa, kuma ƙaramin kwalin turare bai fi ƙarfin matafiyi ba. Turarensu sanyi gare shi, ba ya cika ɗaki kamar namu. Wanda ya tashi a gaban allo zai daɗe a sashen tawada, domin tasu ma daga baƙin hayaƙi ake yin ta, sai dai su da ɗankon fatar dabba suke haɗawa su busar da ita kamar sanda, mu kuwa da ƙaro. Kusa da nan akwai Itoya, kantin kayan rubutu tun 1904, inda za a samu alƙalami mai kyau ga malami ko ɗalibi. A ranakun Asabar da Lahadi da rana ana hana motoci bin babban titin, mutane su yi ta yawo a tsakiyarsa.

Amma tsarabar gida mai yara ashirin ba a Ginza take ba. Tana shagunan yen 100, irin su Daiso da Seria da Can Do, inda yawancin kaya yen 110 ne in an haɗa da haraji: fensira, littattafan rubutu, abin yanke farce, kwanonin roba, tocila, kayan wasa. Da yen 5,000 mutum zai sallami yaran unguwa. Gaskiya ne da yawan kayan a Sin ake yin su, wanda yake son a ga rubutun Japan sai ya duba. Shagunan Don Quijote kuma suna kaiwa tsakar dare, wasu ma ba su rufewa, sun dace da wanda taro ya cinye masa yini.

Gwanjo ma akwai, kuma ba abin kunya ba ne. Bajapane yana riƙe kaya da kyau, gidansa kuma ƙarami ne, sai ya sayar da abin da bai tsufa ba. Shagunan Hard Off da Book Off da 2nd Street, da unguwannin Shimokitazawa da Koenji, cike suke da tufafi da jakunkuna da kyamarori, kuma in abu yana da aibi sukan rubuta a jikinsa. A Hard Off akwai kwandunan kayan da ba a tabbatar suna aiki ba, waɗannan na masu gyara ne. Tufafi kuwa sai an gwada, domin abin da suke kira babba matsakaici ne a wurinmu, takalmi da santimita ake auna shi, kuma mai babbar ƙafa zai sha yawo. A cire takalmi kafin shiga ɗakin gwaji.

Game da mota, wadda ba a rasa mai tambaya, magana ɗaya ta isa. Japan hannun hagu ake tuƙi, sitiyarin motocinta a dama yake, mu kuwa akasin haka. Manyan kasuwannin gwanjon motoci kuma na dillalai ne masu rajista, baƙon kwana uku ba ya shiga.

Abin da ke shiga baki

Japanawa suna da tasu al'adar tsaraba, omiyage, kuma sun riƙe ta da ƙarfi kamar mu: ma'aikaci ba ya dawowa daga tafiya bai kawo wa abokan aikinsa kwalin alewa ba. Shi ya sa kowace babbar tasha da ƙasan kowane babban kanti suke cike da kwalaye masu ƙayatarwa. A nan ne Musulmi yake bukatar natsuwa, domin naman alade da giya sun ratsa girkinsu ta hanyoyin da ido ba ya gani. Akwai kitsen alade a wasu burodi da biskit, akwai jelatin a alewa mai danƙo da ƙwanson wasu magunguna, akwai giyar shinkafa da ake kira sake da ƴar uwarta mirin a miya da kek. Dokarsu ta wajabta bayyana wasu abubuwan da ke tayar wa mutane da ciwo, kamar ƙwai da madara da alkama da gyaɗa, amma alade da jelatin suna cikin jerin da aka shawarci kamfanoni su bayyana, ba a tilasta ba. Haruffa biyu sun cancanci a kwafe su a takarda: 豚 shi ne alade, 酒 kuma giya. Wayar salula mai fassara rubutu ta kyamara tana taimakawa da sauran. Inda abu ya shige duhu, kamar ɗan barasar da ke cikin miyar waken soya, malamai sun yi bayani mabambanta, gara mutum ya tambayi malaminsa kafin ya tashi.

Mafi sauƙi shi ne a je inda Musulmi suke. A Shin-Okubo, daf da tashar Yamanote, akwai lungu na shagunan halal na mutanen kudancin Asiya, da nama da shinkafa da kayan yaji. Babban masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, wanda Tatarawa masu hijira daga Rasha suka fara ginawa a 1938, aka sake gina shi a 2000 bisa salon Turkiyya, yana da kantin halal a harabarsa, kuma ranar Juma'a a nan za ka gamu da ƴan Afirka mazauna birnin, waɗanda shawararsu ta fi ta kowace takarda. Akwai ɗakunan salla a filayen jiragen Narita da Haneda da kantin Takashimaya na Shinjuku. Abin da zai ba baƙo mamaki, mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, a Tokiyo alƙibla tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa.

Ganyen shayi tsaraba ce marar shubuha, marar nauyi. Amma a gaya wa wanda aka kai wa cewa ba irin na Sin da muke tafasawa sau uku a kan gawayi ba ne. Turara shi aka yi, ruwan da ya ɗan huce ake zuba masa na minti ɗaya. In ya shiga hannun ƴan fada suka dafa shi yadda suka saba, zai yi ɗaci su ce an kawo musu magani.

Kada a manta da hanyar shiga. Japan ta hana shigo da nama kowane iri ba tare da takardar hukuma ba, busasshe ne ko dafaffe, kuma tun 2020 tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara uku. Akwai karnuka masu sansana akwatuna. Kilishin da inna ta ƙulle da hannunta don guzuri a cinye shi kafin a sauka.

Haraji da ranar tashi

A watan Oktoba 2019 aka kai harajin saye kashi 10 cikin 100, aka bar na abinci a kashi 8. Baƙon da bai kai wata shida a ƙasar ba ana yafe masa shi a shagunan da ke da alamar yafe haraji, in abin da ya saya a shago ɗaya a rana ɗaya ya kai yen 5,000, kuma ya nuna fasfonsa na ainihi. Dama doka ta ce baƙo ya riƙa yawo da fasfo. Tsarin da aka daɗe a kansa shi ne a cire harajin tun a shagon, a liƙe kayan ci da na shafawa a leda wadda ba a buɗewa sai an bar ƙasar. Da aka ga wasu suna sayen kaya haka su sayar a cikin gida, sai aka sake doka a 2025. Tun Afrilun shekarar kayan da mutum ya aika gida ta gidan waya da kansa sun fita daga rangwamen, aka kuma sa 1 ga Nuwamba 2026 ranar fara sabon tsari, wato a biya kuɗi duka a shago, ƴan duwan su tabbatar a filin jirgi cewa kayan suna fita cikin kwana 90 da saye, sa'an nan a mayar da harajin. Ma'anar wannan ga mai sautu ita ce ya tanadi ƙarin kashi goma a hannu, ya isa filin jirgi da wuri, kuma kada ya miƙa akwatinsa kafin ya bi ta wurin tantancewa.

Nauyin da tikiti ya yarda da shi a duba shi tun a gida, yawanci kilo 23 ne kowane akwati, kuma kuɗin ƙari yana iya cinye duk arahar da aka samu. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya. Wanda kaya suka yi wa yawa bai kamata ya ja su cikin jirgin ƙasa da safe ba, lokacin da ma'aikata suke cushe kamar goro a huhu. Kamfanin Yamato mai tambarin baƙar kyanwa yana ɗaukar akwati daga masauki ya kai filin jirgi, in an ba shi kwana biyu kafin tashi. Rasidin kowane sautu kuma a haɗa shi da sunan mai shi a ambulan guda, a rubuta canjin ranar a bayansa. Ƴan duwan na gida za su tambaya, gwaggo ma za ta tambaya.